Musayar Waƙa: Agogo da Rana, Wa Ke Daidai a Kano?

Baba na Gwale:
Salamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "na" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Mai juya dare ya maishe shi rana.
Ladanan da ba su san agogo ba,
Inuwar jiki da taki suke auna.
Tsawon mutum ƙafa bakwai ne nasa,
In inuwa ta kai, la'asar ta nuna,
Bayan ka ƙara ta lokacin zawali,
Haka malamanmu suka bayyana.
Asuba kuwa Gamzaki da zakara
Su ke ta da wanda duk ya kwana.
To na kafa sanda na zuba ido,
Sha biyu ta buga, inuwa ta ƙi zauna.
Tana ta raguwa har wajen da rabi,
Wa ya kuskure, agogo ko rana?

Mai Gyara, Sabon Gari:
Baba, Allah ya ja kwana, ga ɗanka,
Gyaran agogo shi ne aikina.
Na sa gilashi a ido, na cire murfi,
Sifirin a naɗe kamar gammo ya zauna.
In an yi masa wani, so yake ya kwance,
Wata 'yar ƙugiya ce take hana.
Ta saki haƙori ta cafke na gaba,
Shi ne ƙas-ƙas da ke shiga kunnena.
Na bango kuwa lilo ne ubangida,
Huygens ya haɗa shi, riƙe suna,
A 1656 can ƙasar Holan,
Bayan Galileo ya lura ya auna:
Ba nauyi ke sa lilo sauri ba,
Tsawon sandarsa shi ne magana.
Kusan mita 1, ko wane zuwa sakan ne,
Zafi ya miƙa shi, sai latti ya bayyana.
Bazarar Kano ka san halinta,
Aiko da shi gobe teburina.

Malama ta Fagge:
Mai gyara, ajiye sukundireba,
Ba a ƙarfe cutar take kwana.
Baba, kai ma inuwarka ba ta yi ƙarya ba,
Tun Misira ta da da ita ake auna.
Da dare su cika kasko mai huda,
Ruwa na ɗiga, layi yana nuna.
Al-Jazari ya ƙera agogon ruwa mai siffar giwa,
A 1206 ya rubuta ya zana.
Ibnu Shaɗir mai kula da lokutan salla
A Dimashƙa ya sassaƙa agogon rana.
Wannan ilmi a masallaci ya girma,
Abin da ke sa ni alfahari a raina.

Ga amsar: a 1884 aka taru,
A Washinton wakilai suka gana.
Suka ce daga Girinic ta Landan za a fara ƙirga digiri,
Ko wace ƙasa ta san inda ta zauna.
Duniya kan juya digiri 15 a awa,
Digiri guda minti 4, ka tuna.
Agogon Najeriya na digiri 15 ne,
Kano 8 da rabi, duba ka auna.
Shida da rabi sau huɗu, minti 26,
Su ne ratar da ke tsakaninka da rana.
Ba kullum take tsayawa nan ba,
Hanyar duniya ba da'ira ba ce a zana,
Ga ta kuma a karkace take tafiya,
Sai zawali ya yi ta sauya wurin kwana:
Farkon Nuwamba wajen 12:10,
Fabrairu 12:40 yake nuna.
Maiduguri na gabas, takan riga mu shan ruwa,
Mu riga Sakkwato, ko wane Ramadana.

Auta, ɗalibi daga Dala:
Malama, a ba ni dama in sa baki,
Na batir shi ne a hannuna.
Ɗan dutsen kwaz ne a cikinsa,
Lantarki ya taɓa shi sai karkarwa ta bayyana,
Sau 32,768 a sakan guda,
Ana rabawa biyu-biyu har 1 ya zauna.
Marrison ya fara shi a 1927,
Seiko ta kai shi hannu, a tuna,
A 1969 daga ƙasar Japan,
Masu sifirin suka fara rasa kasuwar rana.
Na ƙwayar zarra ya fi su duka,
Essen ya haɗa a Ingila ya nuna,
A 1955, da sinadarin sisiyam,
1967 aka ba sakan sabon ma'auna:
Kaɗawa 9,192,631,770,
Daga nan wayarka ke samun abin nuna.

Mai Gyara, Sabon Gari:
Auta, "ma'auna" ka ja shi da ƙarfi,
Amma lissafinka ya shiga raina.
Shawara ɗaya: batir in ya mutu, cire shi,
In ya yi ruwa ciki duk zai ƙona.

Baba na Gwale:
Allah ya yi muku albarka 'ya'yana. Malama, minti 26 ɗin nan ya warware min abin da ya daɗe yana damuna, kuma zan gaya wa ladaninmu ya riƙa duba jadawalin salla na Kano, ya bar na wani gari da ake turowa a waya.

Saura ɗaya: matuƙan jirgin ruwa,
Ba tudu, ba gari, sai teku da rana,
Yaya agogo ya nuna musu hanya?
Mai labarin Harrison maƙerin agogon teku ya ɗauki magana.