Kwanukan jeren mahaifiyata: in sayar in yi wa 'yata kayan ɗaki, ko in ajiye?

Maman Sadiya, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Mahaifiyarmu ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta, kuma an riga an raba gado a gaban malami da shaidu, kowa ya karɓi nasa. A cikin rabona aka ƙiyasta mini kayan ɗakinta: gadon ƙarfe mai rumfa, da kabad mai gilashi cike da fanteka da samira da langa da kumbo, da tasoshin tagulla guda shida waɗanda ta ce daga Bida aka kawo wa kakarmu, sai turmi da taɓare biyu da dutsen niƙa. An yi wa mahaifiyar tamu aure a 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kuma yawancin kwanukan da adashe ta ƙaro su bayan auren.

Yanzu an sa ranar auren 'yata ta fari bayan Babbar Sallah. Mu a gidan haya muke, ɗaki biyu da falo, gidan gadon da kayan suke ciki kuwa an sa shi a kasuwa. Wata dillaliya ta yi mini tayin naira dubu 180 a kan kayan gaba ɗaya, kuɗin da ba zai kai gado da katifa na zamani ba, amma zai rage mini nauyi. Yarinyar ta faɗa mini cikin ladabi cewa ba ta son ko kumbo ɗaya a ɗakinta. Shin in karɓi tayin, ko in cire wani abu in ajiye, kuma idan zan ajiye, wanne ne ya fi cancanta?

Abu Mus'ab

Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a yi maganar sayarwa wajibi ne a fara raba gado, domin ko allura mamaci ya bari ta zama haƙƙin magada, kuma namiji yana da rabon mata biyu. Ki tara 'yan'uwanki a nemo malami tukuna, kada ki aurar da 'yarki da dukiyar da ba taki ba.

Gwaggo Asabe

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Wannan bayani naki ya mayar da ni tsakar gidanmu na cikin birni, inda mata huɗu suke girki a murhu huɗu amma turmi ɗaya ake jira. Da an idar da sallar asuba sai shara, sai a jiƙa gero a yi surfe, a wanke, a shanya, sannan 'yan mata biyu ko uku su kama daka suna lugude, kowace tana cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Kafin hantsi an tankaɗe gari, tsaki ya koma turmi, dusa kuma ta tafi wurin awaki.

Kwanukan jere kuwa ba a cin abinci a cikinsu, kuma yaran yanzu ba su san wannan ba. Sau biyu a shekara, ana gobe Sallah, ake sauko da su duka a wanke da sabulu da tsumma mai laushi don kada fentin ya kwarzane, tasoshin tagulla kuma a goge su da toka da lemon tsami har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Daga nan a kife su a tabarma su bushe, a mayar da su bisa tsari, manya a ƙasa, ƙanana a sama har kusa da rufi. Waɗannan kwanuka su ne ajiyar mace a lokacin da ba ta zuwa banki. Idan yaro ya kwanta ciwo ko aka nemi kuɗin makaranta maigida ba ya nan, sai a zare fanteka ɗaya daga baya, inda baƙo ba zai lura ba, a aika wa dillaliya bayan magariba. Saboda haka idan kin sayar don aurar da jikarta, kin yi abin da aka tara su dominsa ne. Amma ni da a ce nawa ne, tagullar ba za ta fita daga hannuna ba.

Uwar Biyu, Zariya

Yaya, ki gode wa Allah da har aka tambaye ki. Ni ina aure a Jos mahaifiyata ta rasu, na zo aka yi sadakar uku da ta bakwai, na koma da niyyar dawowa ranar arba'in a zauna a kan kayanta. Da na dawo na ɗaga labulen ɗakin, ban tarar da komai ba sai shatin kabad a jikin bango da ramuka huɗu inda ƙafafun gado suka lotsa daɓe. Yayyena maza sun kira 'yan jari-bola sun auna komai a sikeli, gadon da kwanukan da tukwanen ƙarfe, wai suna so a gyara ɗakin a zuba 'yan haya. Aka miƙo mini kuɗi a ambulan, aka ce rabona ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani kumbo mai furen ja wanda bakinsa ya ɗan ɓantare. Mahaifiyata tana ɗiga koren fenti sau uku a gindin kowane kwano nata, don kada ya ɓace idan an kai gudummawar abinci gidan biki, kuma a cikin wannan kumbon take ɓoye mana ƙuli-ƙuli da alewa. Na bi sawu har inda masu sayen suke tara kaya, na tarar an riga an loda mota. Har yau muna gaisawa da yayyen nawa saboda zumunci, amma ban sake kwana a gidan ba.

Ɗan Kurmi

Hajiya, wannan dillaliya tana neman ta yi miki sakiyar da ba ruwa. Ni a Kasuwar Kurmi na tashi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma na san yadda masu sayen kayan gargajiya suke neman tagullar Bida ta da, mai nauyi da zanen hannu. Idan tasoshin nan na asali ne, su kaɗai za su iya haura abin da ta taya a kan kayan duka. Kada ki haɗa su a ciniki ɗaya da langa. Ki ɗauki guda ɗaya ki zagaya da ita rumfa uku, ki ji bakin kowa, kada kuma ki nuna cewa biki ne ya matso ki.

Hajiya Turai

Ban yarda da wannan lissafi ba. Watanni kaɗan da suka wuce muka sayar da na gwaggona, kabad biyu cike, da ƙyar aka ba mu dubu 45, domin babu amaryar da take jera samira yanzu, sai kula da tangaran da kayan wuta. Dubu 180 kuɗi ne mai kyau, ki karɓa kafin ta sake shawara.

Mahamadu, Damagaram

A nan wajenmu ba a daina jeren tasa ba, musamman a ƙauyuka, kuma tsohuwar fanteka mai kauri ta fi sabuwa daraja, domin ta yanzu ba ta jure faɗuwa. Na ga an sayi babba guda ɗaya jika goma na sefa. Idan kina da wanda yake zuwa Maraɗi ko nan, zai fi miki riba a sayar da su ɗaya-ɗaya, sai dai abin yana buƙatar haƙuri, kuma na ga lokaci ya ƙure miki.

Hajiya Turai

Da izininku, maganar kayan ɗaki ta mata ce. Mazan da suke ta kawo farashi, a cikinku wa ya taɓa wanke fanteka ko ya san bambancinta da samira?

Ɗan Kurmi

Hajiya, ban taɓa wankewa ba, amma na aurar da 'ya'ya mata uku, kuma daga aljihuna kuɗin gado da kujeru suka fita. Wanda ya biya yana da bakin magana.

Baban Khalifa

Ni shawarata ita ce a ba amarya taɓarya ɗaya ta jingine a bayan ƙofa, ko ba za ta yi daka ba, domin ango ya riƙa tuna lokacin dawowa gida. Gadon kuma a bar shi inda yake, saboda na taɓa faɗowa daga irinsa ina ɗan shekara bakwai, kuma sai da aka kira mai ɗori.

Amaryar Bana

Ina neman afuwar iyayena da ke nan, amma ina ganin ana tuna daɗin zamanin ana mantawa da wahalarsa. Kakata ta yi shekaru tana jan ruwa a rijiya da guga, tana niƙa a durƙushe, tana hura itace ɗanye da damina har idanunta su yi ja, kuma yau ba ta iya miƙe bayanta, idon ma sai a hankali. Ita da bakinta take cewa ranar da aka kawo injin niƙa unguwarsu ta fi ranar aurenta farin ciki. 'Yar Hajiya ba ta yi laifi ba da ta ce ba ta so. Ɗakunan haya na yanzu ba su da wurin kabad na ado, kuma mai gida ba zai bari a yi daka a kan tayil ba.

Gwaggo Asabe

'Yata, ba wanda ya ce a koma jan guga. Mun sha wahalar, mun san ta fiye da mai jin labari. Sai dai a wancan lokacin mace ba ta yin aikin ita kaɗai. Idan ta haihu, makwabta ne suke yi mata surfe da ɗiban ruwan wanka har ta yi arba'in, idan za a yi daɓen ɗaki kuma matan unguwa suke taruwa da madaɓai suna waƙa har a gama. Yau kina da gas da injin markaɗe, amma idan zazzaɓi ya kwantar da ke, sai dai maigida ya sayo abinci a leda.

Uwar Biyu, Zariya

Yaya, ina ƙara jaddada miki, ko me za ki yanke, ki kwashe kayan daga gidan gadon a wannan makon. Muddin an sa gida a kasuwa, masu zuwa dubawa da yaran da suke buɗe musu ƙofa ba za su bar tagulla ta kwana ba. Ki kai su ɗakin wata tsohuwa a dangi wadda ake jin nauyinta. Ni da na sami wanda ya faɗa mini haka, da yanzu ina da abin nuna wa 'ya'yana.

Maman Sadiya, Kano

Na gode muku duka. Malam Abu Mus'ab, kamar yadda na rubuta tun farko, an raba gadon, kayan nawa ne halak malak. Ɗan Kurmi, ta yaya zan gane ko tagullar ta asali ce kafin in kai ta kasuwa? Kuma har yanzu ban ji wanda ya ce komai a kan turmi da dutsen niƙa ba.

Abu Mus'ab

To, alhamdu lillahi. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne yadda aka wayi gari uwa tana sayar da abin tunawa da mahaifiyarta don ta cika ɗakin wani. A fiƙihun Malikiyya, abin da aka ɗora wa mace shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa, ba a ce iyayenta su ci bashi ba. Mu ne muka mayar da al'ada ta fi ƙarfin hukunci.

Hajiya Turai

Malam, faɗa da baki yana da sauƙi, domin ba kai ne za ka tsaya ranar jere ba lokacin da dangin ango za su shigo suna buɗe kabad ɗin kicin ɗaya bayan ɗaya, suna ƙirga kuloli, suna tambaya ko firjin mai ƙofa biyu ne. Duk abin da suka gani shi za a yi ta yi wa yarinya gori da shi shekara da shekaru. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin katifa da kujeru ya tashi, amma jerin abin da ake tsammani daga gidan amarya bai ragu da cokali ɗaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ango ya kama gida fanko, ko labule bai sa ba, ya zauna yana jira a cika masa.

Ɗan Kurmi

A nan kam na goyi bayan Hajiya Turai. Ko auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ɗaukar nauyinsa a 2012, ai gado da katifa da kayan ɗaki ne babban abin da take bayarwa, domin kowa ya san su ne suke hana talaka aurar da 'yarsa. Bayan kayan ɗaki kuma ga gara tana jira, buhun shinkafa da jarkar mai da alkaki da nakiya, duk a wuyan uban amarya.

Baban Khalifa

Ku yi mana adalci, mu ma lefe bai bar mu mun yi barci ba. Akwatin da ake kai wa iyayenmu guda ɗaya ne ko kwalla, yanzu kuwa saiti ake nema, kuma sai wata gwaggo ta ɗaga kowace atamfa ta duba gefenta ta faɗi kuɗinta a gaban jama'a. Idan za a soke gara, a haɗa da lefe a soke su rana ɗaya.

Amaryar Bana

Baba, ba za a haɗa su ba, domin lefe amarya ce take ɗaurawa, gara kuwa dangin ango ne suke rabewa tun kafin ta ɗanɗana. Tawa ko kwana uku ba ta yi a gidan ba, ƙannen maigida suka zo da mota.