Wai me ya raba Freud da su Watson ne?

Ummi: Salam ƴan uwa, don Allah a taimaka min, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam amma kaina ya kulle, kowane ɓangare a kan me ya ginu ne?

Abban Sadik: Wa alaikissalam ƙanwata. Freud cewa yayi abinda ke ɓoye can ƙasan zuciya wanda ke kanki baki san dashi ba, musamman na yarinta, shi ke juya mutum, shi kuma Watson a 1913 yace a'a, abinda ido ya gani kaɗai za'a auna, hali koyonsa ake kamar karnukan da masani Pavlov ya koya wa zubar da yawu da zarar sunji ƙarar dake nuna abinci na zuwa.

Anti Hauwa: Ni dai wallahi Rogers da Maslow sunfi kwanta min a rai, mutum yana da zaɓi ai, ba inji bane.

Ummi: Nagode sosai. To masu kwatanta tunani da kwamfuta fa?