Wane suna za mu raɗa wa biathlon da Hausa?

1/
Jama'a, salamu alaikum. Duk sanda gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo, akwai wani wasa da ke ba masu rubuta labarin wasanni da Hausa ciwon kai. Turawa na ce masa biathlon. Wasu daga cikinmu su kwafo kalmar yadda ta zo, wasu su ce "wasan ƙanƙara" su wuce abinsu, alhali wasannin ƙanƙara a gasar sun fi goma. Ina da sunan da nake so mu tsayar, amma sai mun ga yadda ake wasan tukuna, don rabin sunayen da ake kawowa daga rashin kallonsa suke fitowa.

2/
Ɗan wasa zai ɗaura dogayen takalman sulu sirara a ƙafa, sanduna biyu a hannu, bindiga goye a baya wadda nauyinta ba ya gaza kilo 3.5. Haka zai yi ta gudu a kan dusar ƙanƙara, ya hau tudu, ya gangara, ya miƙe a sarari, har ya iso fagen harbi. Nan zai sauke bindiga ya auna baƙaƙen ɗigo biyar da ke nisan mita 50, harsashi ɗaya ga kowane ɗigo. Wani zuwan ruf da ciki zai yi harbin, wani zuwan a tsaye. A ruf da ciki faɗin inda ake so ya samu milimita 45 ne kacal, bai kai bakin kofin shayi ba. A tsaye milimita 115 ne, amma babu abin jingina, ga iska, ga ƙafafu na rawa. Ɗigon da aka samu sai ya rufe ya koma fari, 'yan kallo su ɗau ihu. Bindigar ba ta da madubin kusanto da abu, ido ne kawai da saiti.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, agogo ba ya tsayawa. Mutum ya iso yana haki, bugun zuciyarsa ya doshi 180 a minti, kuma duk daƙiƙar da ya ɓata yana daidaita numfashi kafin ya taɓa kunamar bindiga, cikin lokacinsa take. In ya yi gaggawa ya kuskure, sauri ya haifi nawa: ko ya zaga wata da'ira mai tsawon mita 150 kan kowane kuskure, abin da ke cin daƙiƙa ashirin da 'yan kai, ko a ƙara masa minti guda cur a kan lokacinsa, gwargwadon irin tseren. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar katara. To, waɗannan mutane sana'arsu ke nan.

3/
Suna na farko da ya fi saurin zuwa baki shi ne aro: bayatalon. Ba ni da faɗa da aro, da shi muka samu tanis, kuma dambe bai ɓace ba. Amma aro yakan zauna ne in abin ya shigo hannun mutane suna yin sa, suna ambatarsa kullum, har bakinsu ya goge shi. Wannan wasa kuwa yawancin masu karatunmu a labarai kawai za su riƙa haɗuwa da shi, shi ma jefi-jefi. Kalmar da sai ka bi ta da jimla guda ta bayani duk sanda ka rubuta ta, ba ta rage maka aiki ba.

4/
Na biyu, fassara kalmar kai tsaye. Asalinta "gasa biyu" take nufi, kashin bayanta daga harshen Girka. Mutanen Sin ma a kan wannan hanya suka bi, sunansu na nufin wasanni biyu na hunturu. Mu ma muna iya cewa "tagwayen wasa" ko "wasa biyu". Na ƙi shi, kuma dalilina ba na son rai ba ne. Wanda ya ji "wasa biyu" zai ɗauka ana yin gudu a ba da maki, a huta, a zo a yi harbi a ba da maki, sannan a tara. Ba haka abin yake ba. Tsere ɗaya ne tal, harbin a cikinsa yake, kuma hukuncin kuskuren harbi da gudu ko da lokaci ake biyan sa. Ban da haka, akwai wani wasan hunturu da shi ma haɗi ne, na tsalle da gudu, wanda sunan "wasa biyu" ya fi dacewa da shi.

Masu wasan na asali ba su damu da ƙidaya ba. Mutanen Nowe suna cewa skiskyting, na Suwidin skidskytte, na Finlan ampumahiihto, kuma duka ukun sulu da harbi suka haɗa a kalma guda. Aikin suka kalla suka ba shi suna. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta fi.

5/
Wani ƙanena a nan ya ce to mu bi sawunsu mana, mu ce "harbin ƙanƙara". Ƙanena, karanta shi da ƙarfi ka ji. Ƙanƙarar ake harbi? Ko kuwa ƙanƙara ce ta harbi mutum? A Hausa in ka ce harbin wani abu, ko shi aka harba ko shi ya yi harbin, kamar harbin tsuntsu da harbin kunama. Wannan ya faɗi.

6/
Wata 'yar'uwa ta kawo "zamiya da harbi", kuma na ga mutane da yawa sun yi na'am da shi. Gaskiya ya fi duk na baya, har na ɗan yi shiru a kansa. Abu biyu ne suka hana ni.

Zamiya tana kawo hoton wanda ya saki jiki santsi ya kwashe shi zuwa ƙasa. Wannan ya dace da masu gangarowa daga kan tsauni. Amma a nan wahalar tana wajen hawa. Mutum yana tura jikinsa da cinya da damtse da sanduna, yana wurga ƙafa hagu da dama, a kan tudun da ko da ƙafa aka ce ka hau sai ka yi nishi. Antholz ta ƙasar Italiya, inda aka tsara yin wannan wasa a Olamfik ta 2026, tana sama da mita 1,600 daga doron teku, iskar shaƙa ma ta yi ƙaranci. Wanda ya ga yadda suke zubewa a bayan layin ƙarshe, ƙirji na sama da ƙasa, majina ta daskare a gemu, ba zai ce zamiya suka yi ba.

Sai kuma wannan "da" ɗin da ke tsakiya. Ta sake raba abin gida biyu, ta mayar da mu inda muka baro a lamba ta 4.

7/
Malaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tuna mana cewa wasan daga aikin soja ya samo asali, don haka a ce "sintirin soja". Allah gafarta Malam, tarihin haka yake. Dakarun da ke tsaron iyakar Nowe da Suwidin sun daɗe suna gasar gudu da harbi a kan dusar ƙanƙara. Sai dai sintirin soja sunan wani wasa ne daban da aka yi a Olamfik ta hunturu ta farko, a Chamonix ta Faransa a 1924, inda sojoji ke tafiya ƙungiya-ƙungiya. Wanda muke magana a kai ya tsaya da ƙafarsa daga baya: gasar duniya ta farko a Saalfelden ta Ostiriya a 1958, sannan ya shiga Olamfik a 1960 a Squaw Valley ta Amurka, inda Klas Lestander na Suwidin ya ci tseren kilomita 20. Daga 1978 ma aka ajiye manyan bindigogi irin na soja aka koma ƙaramar bindiga da nisan mita 50. In muka ba shi sunan kakansa, me za mu kira kakan in labarin 1924 ya taso?

8/
Nawa sunan: tseren maharba.

In ana so a cika shi a farkon labari, a ce tseren maharba a kan dusar ƙanƙara, daga nan a ci gaba da gajeren. Kalmar farko ta gaya maka tsere ne, wanda ya fi sauri shi ya ci. Ta biyu ta gaya maka su wa ke tseren. Ba a raba komai biyu ba. Kuma ginin ba baƙo ba ne a kunne, da tseren dawaki da tseren keke da tseren motoci layi ɗaya suke.

Ya kuma ba mu 'ya'ya ba tare da wahala ba. Ɗan wasa maharbi ne, mace maharbiya. Tseren maharba na maza, tseren maharba na mata, wanda ya shiga Olamfik a 1992 a Albertville. Hukumar da ke kula da wasan, IBU, wadda aka kafa a 1993 take da mazauni a Ostiriya, sai ta zama Hukumar Tseren Maharba ta Duniya. Gwada yin wannan da "zamiya da harbi" ka ji yadda harshe ke sarƙewa: ɗan zamiya da harbi, 'yan zamiya da harbin Faransa.

9/
Suka mafi ƙarfi da aka yi wa sunan ta fito daga wani yayanmu da ke bin wasan sosai. Ya ce maharbi a kunnen mutane mafarauci ne mai kwari da baka, kuma sunan ya fifita harbi alhali ƙafa ce ke cin tsere. Ya kawo misalin Johannes Thingnes Bø na Nowe, mai zinare huɗu a Olamfik ta Beijing a 2022, wanda a zamanin da yake wasa saurinsa ya sa yakan kuskure ɗigo ɗaya ko biyu ya biya tara kuma ya riga kowa isa.

Yaya, na karɓi rabin maganarka. Gaskiya ne babu wanda ke cin wannan wasa da iya harbi kaɗai. Amma ai shi ya sa "tsere" ta zo a gaba, ita ce uwar sunan, "maharba" bayani take yi. Kuma abin da ya raba wannan da sauran tseren dusar ƙanƙara bindigar nan ce ta baya. Cire ta, ka koma wani wasa mai nasa suna da nasa lambobin. Batun kwari da baka kuwa, wanda ya harba bindiga ma maharbi ne, kalmar ba ta taɓa zaɓar makami ba. Sau ɗaya mai karatu zai ga hoton mutum ruf da ciki a kan farin fili, shi ke nan ya gane.

Kuma ko masu ƙafar, a fagen harbi ake kayar da su. Harbin tsaye na ƙarshe shi ne inda wanda ya jagoranci tsere tun farko yake zubar da zinare cikin rabin minti, yana kallon na bayansa suna wucewa shi yana zagaye.

10/
Tunda mun zo nan, ire-irensa na maza ma suna neman suna, ga abin da nake amfani da shi.

Na kilomita 20, tsohon cikinsu, ana sakin mutane ɗaya bayan ɗaya, harbi sau huɗu, kowane kuskure minti guda: dogon zango. Na kilomita 10, harbi sau biyu, wanda ya shiga Olamfik a 1980: gajeren zango. Na mutum huɗu, kowa kilomita 7.5, ba sanda suke miƙawa ba, taɓa jikin na gaba suke yi da hannu, don haka "miƙa sanda" ba ta zauna ba, na fi son tseren karɓa-karɓa. A wannan ne kaɗai ake ba mutum ƙarin harsashi uku a kowane harbi, waɗanda sai ya ɗura su ɗaya-ɗaya da hannu.

Na kilomita 12.5 ya fi ba ni sha'awa. Wanda ya ci gajeren zango shi ke fara tashi, sauran su biyo shi da daidai tazarar da ya ba su, su sittin, wanda ya fara isa shi ya ci. Wani ya ce "farauta", amma ga maharba ga farauta, mun koma daji ke nan. Ni bi-sawu nake cewa. Na kilomita 15 kuwa, da mutum talatin ke tashi lokaci guda, tashin gayya. Da'irar mita 150 ɗin nan kuma zagayen tara.

11/
A gwada su a jimlar labari a ji ko sun zauna:

"A Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, maharbin Nowe Ole Einar Bjørndalen ya kwashe zinaren tseren maharba na maza gaba ɗaya: dogon zango, gajeren zango, bi-sawu da karɓa-karɓa."

"A tashin gayya na 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, sai da aka duba hoto kafin a gane Martin Fourcade na Faransa ya riga Simon Schempp na Jamus taka layi. Shekara huɗu kafin nan, a Sochi, shi Fourcade ɗin aka yi wa haka, Emil Hegle Svendsen na Nowe ya sha gabansa da ƙyar."

Saura abin da suke ɗaurawa a ƙafa. Na rubuta "takalman sulu" a sama don dai in wuce, amma takalmin daban yake, abin da ake maƙala shi a kai daban, kuma shi ne ke neman suna. Wanda ke da abin da ya fi, ya ajiye mana a ƙasa.