Tambaya: ta yaya ake gane mutane da shekaru a tsofaffin hotunan matuƙa kwalekwale na Jami'ar Rangun?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san tarihin makarantun ƙasar Bama, wato Myanmar, ce. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Rangun, da na cikin ƙasar da waɗanda suka bazu a Singafo, Ostireliya, Ingila da Amurka, suna yawan haɗa littafin tunawa da abokan karatu da malamai, musamman waɗanda suka yi ƙungiyar tuƙin kwalekwale a tafkin Inya. Kullum matsalar ɗaya ce: hoto ya zo babu shekara, mutum ɗaya da suna uku, mutum uku da suna ɗaya, kuma kowane dattijo ya kafe cewa shekarar da ya faɗa ita ce daidai. Ta ina ake farawa? In kuma za a haɗa aikin da taron girmama malamai, me ake tanada?

Ɗan Filafili

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da hotunan da aka ɗauka a kan ruwa, domin su ne ke ɗauke da shaidarsu a jikinsu. An kafa jami'ar a 1920, ƙungiyar tuƙin kuma a 1923, a hannun Sir Arthur Eggar, malamin shari'a, bisa tsarin tuƙin Ingila. Don haka ƙa'idar zama a cikin jirgi ba ta canzawa, kuma da ita za ka karanta hoton.

Matuƙa suna zama sun ba inda aka dosa baya. Daga goshin kwalekwale ake ƙirga su: na goshi shi ne lamba 1, a yi ta hawa har 4 ko 8, gwargwadon girman jirgin. Mai lambar ƙarshe shi ke yanka saurin bugu, sauran duk shi suke bi. A ƙurya ta baya kuma akwai mai riƙe da igiyar juya jirgi, wanda suke kira koks, shi kaɗai ke kallon gaba. A takardun gasa ma haka ake jera sunaye, daga na goshi zuwa mai yanka bugu, sannan koks. In ka sami takarda ɗaya da hoto ɗaya na ayari guda, aikinka ya ƙare.

In babu takarda, kada ka tambayi dattijo wace shekara ce. Tambaye shi ta wane gefe filafilinsa yake fita, kuma bayan wa yake kallo. Mutum ya yi watanni yana kallon ƙeya ɗaya kowace yamma, ba ya manta mai ita. Lamba 3 zai ba ka lamba 4, lamba 4 ya ba ka 5, haka har ka kai ga mai yanka bugu, shi kuma ya ba ka koks, tunda fuska da fuska suke. Wanda ya fi ɓacewa shi ne na goshi, domin babu matuƙin da ke ganinsa. Sunansa a wurin koks za ka nema, ko wurin lamba 2, wanda ya saba jin numfashinsa a bayansa. A ganina koks ɗaya mai rai ya fi matuƙa huɗu amfani a wannan aikin, a fara da shi.

Abin da ke ɓata ƙirga shi ne hoton da aka wanke a juye. A tsarin da aka saba, masu lamba 2, 4, 6 da 8 filafilinsu yana fita ta hannunsu na dama, masu 1, 3, 5 da 7 ta hagu. In ka ga akasin haka, ko dai an juya fim ɗin wajen wanki, ko an ɗaura ƙarafan da ke riƙe filafili a wani tsari. Nemi rubutu a jikin jirgin ko a riga, shi zai raba gardama. Hoton da aka tsaya aka ɗauka a ƙasa kuwa ba ya bin lambar zama. Shugabanni ne ke tsakiya, kada ka ƙirga daga hagu ka ce ka samu.

Kan filafili yana taimakawa wajen shekara. Siriri mai tsawo shi ne tsohon yayi. Mai faɗi da ake kira Makon ya bazu ne daga gasar Turai da aka yi a garin Makon na Faransa a 1959. Mai kama da kan gatari, wanda gefensa ɗaya ya fi ɗaya, bai fito ba sai farkon shekarun 1990. Amma ka lura: wannan yana gaya maka cewa hoto bai girmi shekara kaza ba, ba ya gaya maka ƙarshen lokacinsa. Bayan juyin mulkin Janar Ne Win a 1962 shigo da kaya daga waje ya yi wuya, tsohon kayan katako ya daɗe yana aiki.

Sai kofuna. A gasar ƙungiyoyin tuƙi na Gabas, inda 'yan Rangun suke karawa da na Kalkata, Madras da Kolombo, kofin Willingdon na jirgin mutum huɗu ne, kwanon Venables na mutum biyu, Macklin kuma na mutum ɗaya mai filafili biyu. In rubutun bayan hoto ya ce Venables alhali matuƙa huɗu ne a jirgin, wani ya rubuta daga baya kuma ya haɗa shekaru biyu wuri ɗaya. Haka nan a cikin gida akwai gasar damina da gasar shekara, kuma akwai matakan girmamawa na ƙungiya: rabin kore, cikakken kore, sannan zinare. Mutum yakan manta shekarar da ya yi nasara, amma ba ya manta wanda ya riga samu a cikin waɗannan.

Malama Mai Adana

Ɗan Filafili ya gama da ruwa, bari in taɓa sunaye, don a nan littattafan nan suke rushewa.

Mutanen Bama ba sa gadon sunan iyali, kuma kalmar girmamawa da ke gaban suna tana tafiya da shekaru. Yaro Maung wane ne, in ya zama saurayi abokai su ce Ko wane, in ya manyanta ko ya sami muƙami ya koma U wane. Mace Ma wance ce, daga baya Daw wance. Malami Saya, malama Sayama, babban malami Sayagyi. To wanda rajistar 1958 ta rubuta da Maung shi ne U a takardar 1990. Kada dai a bi jeri ana goge Maung ido rufe, domin a wasu sunayen yana cikin ainihin sunan. Ƙari a kan haka, waɗanda suka yi makarantun mishan da yawa suna da sunan Turanci da abokan aji suka san su da shi, kuma rubutun boko na suna ɗaya yana bambanta: Tun, Htun, Htoon, ko Win, Winn, Wynn.

Maganin shi ne kowane mutum a ba shi layi ɗaya a jadawali, da gurbi dabam ga kowane ɗayan waɗannan: suna da harafin Bama, duk rubutunsa na boko da aka gani, sunan makaranta, laƙabi, sakandaren da ya yi, sashen karatu, ɗakin kwana, lambar rajista in an samu, da kuma wanda ya ba da bayanin. Gurbin ƙarshen nan shi ake rainawa, kuma shi ke ceton aiki ranar da bayani biyu suka ci karo. Ɗakin kwana yana raba masu suna ɗaya da sauri: Pegu, Ava, Thaton da sauransu na maza, Inya na mata.

Shekara kuma gurbi uku za a yi mata: ta jarrabawar shiga jami'a, ta shiga, da ta fita. Mutum biyu suna iya cewa ajinmu ɗaya alhali ɗaya shekarar shiga yake nufi, ɗaya ta fita. Kuma ba a lissafa ɗaya daga ɗaya, saboda an sha katse karatu: lokacin mamayar Japan daga 1942 zuwa 1945, bayan harbin ɗalibai na 7 ga Yulin 1962 da rushe ginin ƙungiyar ɗalibai washegari, rikicin jana'izar U Thant, tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a Disambar 1974, kusan shekara uku daga 1988, da kuma rufewar ƙarshen 1996.

Sunan makarantar da ke kan takarda ma agogo ne. A 1964 aka rarraba jami'ar: fasaha da kimiyya suka tsaya wuri ɗaya, likitanci, tattalin arziki da ilimi kowa ya zama cibiya mai cin gashin kanta, injiniyoyi kuma suka zama RIT, wato Cibiyar Koyon Injiniya ta Rangun, a unguwar Gyogone. A Afrilun 1965 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, St. Paul's ta koma makaranta mai lamba 6 ta Botataung, ta Methodist ta koma lamba 1 ta Dagon. Rangun ta zama Yangon a 1989. In shekarar da ke bayan hoto ta kalandar Bama ce, a ƙara 638, sai dai in ranar ta faɗo tsakanin Janairu da tsakiyar Afrilu, kafin sabuwar shekararsu, a ƙara 639.

Abu na ƙarshe, wanda ke sa a ce an nemi suna an rasa alhali yana nan: rubutun Bama a kwamfuta iri biyu ne. Shekaru da yawa mutane da Zawgyi suke rubutu, sai a Oktobar 2019 aka koma Unicode a hukumance. A ido kalmar ɗaya ce, a wurin na'ura ba ɗaya ba ce. A juya dukan tsofaffin jerin zuwa Unicode kafin a haɗa su, in ba haka ba mutum ɗaya zai fito sau biyu.

Baƙon Zaure

Ƙaramin gyara ga masu rubuta bayanin hoto: Inya dabam, Inle dabam. Inya tafki ne da Turawan mulkin mallaka suka tare a Rangun a farkon shekarun 1880 don ruwan sha, a da ana ce masa tafkin Victoria, kuma jami'ar tana bakinsa. Inle yana jihar Shan, can ne masunta ke tuƙi da ƙafa ɗaya a tsaye. Haka nan dogon jirgin gargajiya da mutane da yawa ke tuƙawa suna kallon gaba ba na ƙungiyar jami'a ba ne.

Yaya Babba

Game da malamai, ɗan'uwa, taron sunansa Saya Pu Zaw Pwe, kuma ba liyafa ba ce kawai. A al'adar mabiya Buddha na Bama malami yana cikin biyar da ake ba girma mafi girma, tare da iyaye. Lokacin da aka saba shi ne watan Thadingyut, wajen Oktoba, ƙarshen zaman damina na sufaye. In ana son na ƙasashen waje su zo, Disamba ko Janairu ya fi, ruwa ya ɗauke kuma zafi bai sauko ba.

Malamai suna zama a kujeru a wuri mai tudu, ɗalibai a ƙasa ba takalmi, kuma ba a miƙa ƙafa wajen malami. Ana ajiye kwano mai kwakwa da ayaba, a rusuna sau uku, a nemi gafarar duk laifin da aka yi da aiki ko baki ko zuci, malamai su yafe su sa albarka. A cikin tsofaffin ɗaliban akwai Musulmi da Kirista waɗanda addininsu bai yarda da rusunawar ba. A tanadar musu gefen da za su zauna cikin ladabi su miƙa kyautarsu, a kuma faɗa tun a takardar gayyata, don kada kowa ya shiga kunya.

Inda ake tuntuɓe shi ne tsawon zama. Yawancin malaman sun haura shekara 80. A raba su rukuni-rukuni, mafi tsufa su fara su tafi gida, kowane rukuni kada ya wuce minti 40. A zaɓi zauren ƙasa mai banɗaki kusa, da keken guragu biyu ko uku, da motar ɗauko kowa. Kuɗin girmamawa a sa a ambulan da suna tun daren da ya gabaci taron, da kyat, wato kuɗin Bama, mutum biyu su ƙirga su sa hannu. Kyautar da aka saba ita ce zanen longyi, tawul da magani. Malamin da ba zai iya fitowa ba a je masa gida da nasa kason cikin mako guda.

Jerin waɗanda suka rasu kada a karanta shi sai mutum biyu da ba su ji daga juna ba sun tabbatar da kowane suna, ɗayansu ya fi kyau ya zama daga iyali. Da yawan masu suna ɗaya, sanya mai rai cikin matattu abu ne mai sauƙin faruwa kuma mai ciwo ƙwarai.

Kuma tunda dattawan sun taru, a buga hotunan da ba a gane ba a babbar takarda, a sa lamba a kan kowane kai, a ba mutum ɗaya-ɗaya ya rubuta nasa kafin su tattauna. In suka duba tare, mai ƙarfin murya ne zai yi nasara, ba mai gaskiya ba.

Mai Neman Sani

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: hotuna da yawa danshin Yangon ya manne su da juna ko da gilashi. A ɓamɓare?

Malama Mai Adana

A'a, Malam, kada a ɓamɓare. Fuskar hoton ce ta jiƙe ta zama gam, in ka ja, ita za ta tashi ta bar maka farar takarda. Wanda ya manne da gilashi a ɗauki hotonsa a haka ta cikin gilashin, a kashe hasken kyamara, haske ya zo daga gefe biyu. Waɗanda suka manne da juna a kai wa mai gyaran tsofaffin takardu. Sauran a saka a na'urar kwafi da ƙarfin ɗigo 600 a kowane inci, ƙanana sosai 1200, gaba da baya, domin hatimin mai hoto da rubutun hannu suna baya. Mai funfuna a ware shi, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a share da burushi mai laushi. Kada a liƙe hoto cikin leda da zafi, kuma in za a rubuta suna a baya, da fensir mai laushi, a bakin gefe.