Kakana ya fi ambaton malaminsa na makarantar Baibul fiye da Turawan mishan, ko haka abin yake a gidajenku?

Ɗan Dabai:
Salama jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai. Kakana ɗan gargajiya ne tun asali, ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai, ya auri kakarmu, bikin gargajiyarmu na Uhola ba ya wuce shi, daga baya ya tuba ya zama mai bi, aka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya ya fito mai bishara, ƙaninsa kuma uwa ɗaya uba ɗaya ya musulunta a Zuru. To abin da ke ban mamaki, tsohon nan ko sunan Baturen da ya yi masa baftisma sai ya yi ta lalube kafin ya tuno, amma malamin da ya koyar da su, baƙar fata irinmu, kullum yana bakinsa, Malam ya ce kaza, Malam ba ya yin kaza. Hatta yadda yake tuɓe takalmi a ƙofar zauren mai gari wai daga wurinsa ya ɗauka. Mu dai a makaranta Turawa aka ce mana su suka kawo addinin. Wa ya yi aikin ne tsakani da Allah?

Maman Rahila:
Ɗana ai kakanka bai yi ƙarya ba. Ni 'yar mai bishara ce, a ƙauyuka uku na girma wajen Ribah. Bature yana zaune a tashar mishan da asibiti, ya zo a babur ya yi wa'azi da Hausarsa mai tsami ya koma, wanda zai kwana a bukka ya yi noma tare da mutane ya sha kunun da suka sha ai mai bishara ne, shi kuma duk abin da ya iya daga bakin malaminsa ya ji. Babana ya ce ba aya kaɗai ake koya musu ba, har yadda za ka gaida tsoho, kada ka fara wa'azi sai ka yi sati kana gaisuwa, kada ka ci bashi a garin da aka tura ka, matarka ma ana koya mata karatu don ta riƙe mata. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, aikin su Dakta Miller na Wusasa, da shi aka koyar da su, shi ya sa har gobe tsofaffinmu in za su ja aya da waccan tsohuwar Hausar suke ja, sabuwar fassara ba ta zama a bakinsu.

Bagusaye:
Ni musulmi ne amma wanga zance bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Mu ma nan wanda yay yi karatun allo, ko ya zama babban shehi, in ka tambaye shi sai ya ce maka albarkar malam wane ce, wanda yak kama hannunai ya koya mai bā da sin. Kuma ku duba, ku ma malam kuka ce, ku ce almajiran Yesu, ku ce wa'azi, ku ce tuba, duk kalmomin da munka gada ne tare. Gaida min kakanka da ƙaninsa, Allah shi bar zumunci.

Lelna Zalla:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Tasirin malaman nan gaskiya ne, amma ba duka ne mai daɗi ba. Da Hausa aka horar da masu bishara, su kuma suka zo ƙauyukanmu suna wa'azi da Hausa, waƙa da Hausa, addu'a da Hausa, yau ga yaranmu a Zuru da yawa yarenmu na C'lela sai kame-kame. Kakata mata ta biyu ce, da mijinta zai karɓi baftisma aka ce sai ya sallami ɗaya, ita aka sallama da goyo a bayanta, mai bisharar da ya faɗa masa haka ba mugu ba ne, abin da aka koya masa a aji ya maimaita. Har ta rasu ba ta taka coci ba.

Ɗan Dabai:
Mama na gode, maganar kada a ci bashi ɗin nan wallahi na sha jin ta a bakin tsoho ban san inda ta fito ba sai yau. Ɗan'uwa Lelna, Allah ya ji ƙan kaka, ban da abin cewa. Na karanta wa kakana duka a waya ɗazu, ya yi shiru can sai ya ce Malam ɗinsu yakan ce in kun isa gari ku koyi yarensu, su ne dai suka ga Hausa ta fi sauƙi. Ƙaninsa yana zaune a gefe yana jan carbi ya ce ai shi ma da Hausar aka musuluntar da shi, suka kwashe da dariya su biyu.