"Shari'a saɓanin hankali": wai me Bahaushe yake nufi ne?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Jiya na ƙarasa wani littafi na rikicin gado, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Alhaji ya shekara biyu a kwance, 'yarsa ce ke jinyarsa, ita ke juya shi ita ke ba shi kunu a baki, a gaban mutum biyu ya ce ya ba ta gidansa na haya. Ana yin sadakar bakwai yayyenta suka kai ƙara, alƙali ya mayar da gidan cikin gado. Suna fitowa daga kotu lauyanta ya ce mata ta yi haƙuri, shari'a saɓanin hankali. To ni wannan maganar ba saɓo ba ce kuwa?

Ɗan Kurmi: Hajiya ba shari'ar Allah ake nufi ba, zaman kotu ake nufi. Kowa a unguwa ya san kai ke da gaskiya amma ba ka da shaida, wancan ya rantse ya wuce. Shi ke nan fa.

Malam Na-Zariya: Ɗan Kurmi ka kusa, amma a labarin nan ai tana da shaidu, ba nan gizo ke saƙa ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya, ta karɓi makulli ko ta fara karɓar kuɗin haya. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. Alƙalin bai zalunce ta ba, yayyen ne ba su da kara.

Uwargida Maraɗi: Malam kenan. Mu dai a wajenmu in an faɗi maganar nan lallashi ne, irin na "kar ki sa a ranki". Ranar da aka raba gadon mijin yayata su huɗu suka raba tumunin takaba, ita da ta shekara 30 a gidan da amaryar wata bakwai daidai wa daida, abin da gwaggonmu ta faɗa mata kenan tana share mata hawaye.

Ɗan Kurmi: To ai kun gani, har jika ma in ubansa ya riga kakan rasuwa ba ya gado in akwai baffanni. Shi ya sa Masar ta yi dokar wasiyya ta dole a 1946, wato dokar da ke ware wa irin wannan jikan wani kaso daga dukiyar kakan.

Malam Na-Zariya: Hankalin wa ya saɓa? Na wanda bai karanta Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 ba. Ni dai a bakin lauya ban so ta ba, shi da ya kamata tun farko ya gaya mata ƙarar ba za ta ci ba, ya karɓi kuɗinta sannan ya sallame ta da karin magana.

Maman Ilham: Ikon Allah, ashe hauzi ne. Bari Abban Ilham ya dawo daga kasuwa, filin nan da ya ce ya ba ni tun bara, yau ɗin nan zan karɓi takardar.