Neman kalma: me za mu kira "capacity constraint"?

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Gobe da azahar zan miƙa fassarar takarda kan lissafin da ake yi a ga ko kwalliyar sabon magani za ta biya kuɗin sabulu. Nan na maƙale. Na sa "ƙarancin kuɗi", bai zauna ba.

Likitan_Kawo: Cire shi, Malam. Ɗauki wankin ƙoda: sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. Inji ɗaya, zama 3 a rana, kwana 6, zama 18 ke nan, mutum 6 kacal. Ko an zube kuɗin yau, na bakwai layi zai bi sai an kafa wani injin, an horar da nas, an ƙara na'urar tace ruwa. Lissafin Markov da aka saba, wato mai bin majiyyata a dunƙule daga wani halin ciwo zuwa wani, yakan ɗauka kowa ya fara magani nan take. Jira ba ya ciki, sai amfanin ya kumbura, kuɗin kowace shekarar lafiya ya fito da araha fiye da gaskiya. Ina ganin "iyakar ɗauka".

Malama_Barnawa: "Ƙarancin kayan aiki" fa?

Likitan_Kawo: Nas ba kaya ba ce, Hajiya, kuma sau da yawa ita ce ke ƙaranci.

Ɗan_Rigasa: A ofis "kafasiti" muke cewa, kowa na ganewa.

Baba_Tudun_Wada: Ga Hausar barikin Kaduna nan! Muna da "mazurari": baki faɗi, gindi tsukakke. Me ya fi wannan?

Ɗan_Rigasa: Baba, asibiti da likita da inji, daga wace unguwar Kano suka fito?

Baba_Tudun_Wada: Waɗancan sun tsufa a bakinmu, yaro. Taka ko yaye ba a yi mata ba.

Malama_Barnawa: Ku bar Kano ta huta. Baba, abin da aka zuba a mazurari duk yana sauka, sai dai a makare. Mai jiran wankin ƙoda kuwa ciwonsa na tsananta, wani ya rasu a layin, kuma lissafin da ke bin majiyyata ɗaya-ɗaya a kwamfuta wannan asarar yake ƙirgawa. Mazurari ya dace da matakin da ya fi tsukewa kawai, kamar ɗakin tiyata.

Mai_Fassara: To, "iyakar ɗauka" a kanu, "mazurari" ga matakin. Na gode.

Baba_Tudun_Wada: "Ɗauka" kamar ana lodin fasinja a tashar Kawo. Amma je ka, tunda azahar ta matso.